Katin da Na Rufe da Leda

Hadiza, 'yata ta fari, da ƙawayenta sun sa ni gaba wai in kai su Dubai su ma su fara sarin kaya. A ganinsu sana'ar ita ce mutum ya hau jirgi, ya ɗauki hoto a gindin dogon gini, ya dawo yana ƙamshin turare. Ni ba na iya doguwar magana da baki, muryata ba ta da ƙarfi, ina farawa ake rufe ni da surutu. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Rubutun na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi, ku yi haƙuri da shi.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ɗaure kwali ne. Hajiya Yalwa ta Katako ita ce uwar ɗakina, ita na fara bi zuwa Kwatano tun ana zuwa a mota. A bayan wani shago ta miƙo min igiya da salatef, ta nuna min kwalin takalma ta ce in ɗaure. Na zauna na ɗaure shi tsaf, har da ɗan ƙulli mai kyau a sama. Ta zo ta dube shi, ta ɗaga zane kaɗan, ta yi masa shuri ɗaya. Kwali ya buɗe baki, takalma suka watse har cikin kwata.

Ta ce, "Asabe, yaran mota ba sa yi wa kwali sallama kafin su jefa shi. Sake."

Shekaru na yi ina bin ta ina ɗaukar jaka kafin ta bar ni in taya ko yadi ɗaya. A wurinta na koyi murza yadi tsakanin yatsu in san ko sitati ne aka cika masa. Na koyi jiƙa gefensa da yawu in goga a farin hankici in ga ko zai yi zuba. Na koyi zare silin zare ɗaya in kunna masa ashana: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule ya yi ƙauri roba ce, komai rantsuwar mai shago. Ciniki kuma da kalkuleta ake yi. Ya danna nasa, ki goge ki danna naki, ya riƙe kai kamar an yi masa rasuwa, ki kama hanyar ƙofa a hankali, a hankali, don ya samu damar kiran ki.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Almakashi, salatef, alƙalamin rubutu a jikin kwali, ɗan sikelin hannu mai ƙugiya, takalmin roba, man zafi saboda gwiwa. Sai lalita. Ita ce ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin zane, daloli a ciki. Da ita ake kwana, da ita ake sallah, wanka ma rataye ta ake yi a ƙusa inda ido ke ganin ta. Duk wadda ta yi wannan sana'a tana da baƙin tabo a ƙugu, ku tambayi iyayenku.

Masu sayen kayana yawancinsu telolin unguwarmu Dutse Uku ne, nan Jos, da mata masu shirin biki, da ɗalibai 'yan mata da ke shigowa daga wajen Farin Gada su taɓa kowace jaka su tafi. Amma mafi wuya su ne masu saƙo. Mace za ta kawo miki ƙyalle kamar tafin hannun jariri ta ce irin wannan take so, ta damƙa miki kuɗinta. Daga ranar ba ki da barci mai nauyi sai kin sauke mata.

Shekarar da babbar kasuwa ta ƙone, rumfata tana ciki. Kaya sun tafi, wannan ba ni kaɗai ba ce. Abin da ya tsaya min a rai shi ne takardar shaidar gama yaƙi da jahilci. Saboda son a sani, a jikin bangon rumfa na rataye ta, don duk wanda ya zo saye ya san ba za a cuce ni a rasit ba. Ta bi wuta. Da ƙyar na samo wata. Ranar da na karɓo ta, ban je gida ba sai da na biya shagon masu hoton takardu aka rufe min ita da leda, abin nan da suke cewa laminatin. Leda ba ta hana wuta, na sani. Amma da na ji takardar ta yi ƙarfi a hannuna sai hankalina ya kwanta. Daga nan abin ya zame min ciwo. Takardun haihuwar yara, katin asibiti, katin zaɓe, hoton aurenmu, duk na kai an rufe. Baban Hadiza, wanda dillalin tumatir ne a Farin Gada, yakan ce, "Saura ni. Ranar da za ki kai ni ki faɗa min in yi wanka."

To, ku riƙe wannan, mu zo shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka faɗo kusan mako ɗaya. Ɗan kasuwa yana daɗewa bai ga irin wannan shekara ba. Kowa a garin nan, ko ta ina yake fuskanta in zai yi addu'a, sabon kaya yake nema.

A lokacin ne ma'aikatan banki suke bin shaguna da 'yan jakunkunansu suna tallar kati. Wai ki zuba dalolinki a asusu, ki tafi da ɗan kati, can ki miƙa a goga a inji, shi ke nan kin biya. Ba lalita, ba faɗuwar gaba a hanyar Kano, ba shiga bayan labule a filin jirgi. Matan tafiyarmu duk suka ƙi. Hajiya Yalwa ta ce ita kuɗin da ba ta jin nauyinsa a ƙugunta ba ta yarda nata ba ne. Ni kuwa na ga dama ta samu. Cikinmu ni kaɗai ke iya cike takarda da kaina in sa hannu, ba dangwale ba. Na ce, "Hajiya, zamani ne ya zo." Da bakina na faɗa, a gaban mutane.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi Maman Nanret ta zo shago. Tela ce, maƙwabciyar rumfata ce a tsohuwar kasuwa, tare muka tsaya muna kallon hayaƙi. Da can a Dutse Uku take, bayan rikici ta tashi ta koma cikin 'yan uwanta, zuwanta unguwarmu ya zama sai da dalili. Matan zumunta na cocinsu ne suka yi ankon Kirsimeti, leshin riga shuɗi da ɗankwali, aka ba ta ɗinkin. Ta kwance bakin zane ta fito da ƙyalle da kuɗin da matan suka tara.

Ta ce, "Maman Hadiza, ka duba kalan da kyau fa. Ba shuɗin sama ba, ba na 'yan makaranta ba, wannan ɗin."

Na ce na gani.

Ta ɗan rage murya. "Wasu a cikinmu sun ce kar a kawo kuɗin wannan gefen. Mama Ma'aji ma ta ce in kuɗi ya shiga Dutse Uku wa zai je ya karɓo. Na tashi a gaban kowa na ce ni na tsaya maka. In kaya bai zo ba, su zo su ɗauki kekena."

Na ce, "In Allah ya yarda kekenki ba inda za shi."

Na haɗa kuɗinsu da nawa duka, na canza, na zuba a asusu. Aka ba ni kati sabo fil, sunana a jiki da haruffa masu tudu. Na dube shi na ce abin da ke ɗauke da jarina da amanar mutane ba zai yi yawo tsirara ba. Na wuce shagon laminatin.

Mai shagon ya juya shi ya ce, "Hajiya, wannan ai da ma roba ne."

Na ce, "Ɗana, roba ma tana karcewa. Yi masa."

Ya fito daga inji da ɗumi, ya ɗan lanƙwashe kamar busasshen ganye. Na danne shi ƙarƙashin turamen atamfa ya kwana ya miƙe. Ban gwada shi a Jos ba. Ga injin cirar kuɗi nan a bakin titi ina wucewa kullum, amma na ce a'a, kada ya tsufa tun ba a je ba.

Tafiyar nan ban taɓa jin daɗin irin ta ba. Ƙuguna sakayau. A filin jirgi ina kallon sauran mata suna tafiya a sandare kamar masu sabon ɗinki a ciki, ina ce musu sannu.

Mun sauka Laraba. Ka'idar Hajiya Yalwa ita ce a fara da saƙon mutane, don haka da safiyar Alhamis na nufi shagon wani Ba'indiye mai leshi a kasuwar Dera, wanda muke kira Mai Gilashi. Yana jin Hausar ciniki. Na fito da ƙyalle, ya sauko da bandir-bandir, na fita da su waje ɗaya bayan ɗaya ina haɗawa a hasken rana, saboda fitilar shago maƙaryaciya ce. Na samu shuɗin. Muka yi kokawar kalkuleta, aka yanka, aka ninke. Sai na buɗe jaka a hankali, yadda matan da ke bayana za su gani, na miƙa masa kati da yatsu biyu.

Ya karɓa. Ya ɗaga gilashinsa. Ya kai shi bakin injin, kati ya ƙi shiga, ya fi ramin faɗi, ya fi shi kauri.

Ya ce, "Hajiya, wa ya sa masa riga?"

Da almakashina aka yi masa fiɗa a kan teburin. Muka yanke gefe, muka ɓare ledar a hankali. Gaban ya fito lafiya. Bayan ne, wannan baƙin layin da ashe shi ne ran katin, ya yi ƙuraje-ƙuraje saboda zafi, rabinsa kuma ya bi ledar. Mai Gilashi ya goga, inji ya yi shiru. Ya shafa shi a rigarsa ya sake gogawa. Ya danna lambobin da hannu, injin ya yi ɗan tunani, ya turo 'yar takarda. Ya ce banki ya ƙi. Ga amfanin karatu: na karɓi takardar na karanta da kaina, na tabbatar an ƙi ni.

Na je injin bango na zura, ya tofo shi. Na je wani, shi ma ya tofo. Zan je na gaba wata mata ta ce in bari, akwai wanda in ya gaji haɗiyewa yake yi.

Sai na sayi katin waya na kira banki. Aka sa min kiɗa. Na sha kiɗa har katin ya kusa ƙarewa, sannan wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Na yi mata bayani, ban da maganar leda. Ta ce ba damuwa, in zo reshen da na buɗe asusu da hotuna da fasfo.

Na ce, "'Yar nan, ina Dubai."

Ta ce, "To Allah ya dawo da ke lafiya, Hajiya. In kin dawo sai ki zo."

Ku lura da lissafin kwanakin, don shi ne abin da ba wanda ya gaya min. Juma'a su can suna hutu. Asabar da Lahadi mu nan muna hutu. Jirgina kuma Lahadi. In na koma hannu wofi, ba wata tafiya kafin Kirsimeti, ba kuma shuɗin nan a Kano, na riga na duba. Kuɗin matan zai fito daga baya, amma anko ba ya jiran banki, kuma maganar da aka faɗa a kan Dutse Uku ta tabbata ke nan a bakin masu faɗa.

Na kira Baban Hadiza ko zai iya kai wa 'yan canji wani abu in karɓa a can. Ya ce kuɗinsa duk yana kan tirela a hanyar kudu cikin kwanduna. Na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Sai ya ce, "Ashe Allah ne ya rufa min asiri da ba ki kai ni ba."

A masauki mukan haɗu mu da yawa a ɗaki ɗaya, mu yi tuwo a ɗan risho mai lantarki. Kafin in iso labari ya riga ni. Kati ya zaga hannu-hannu. Wata ta ɗaga ledar a fitila tana kallon baƙin layin da ya manne, ta ce ai kuɗin suna nan a jiki, a kai wa Mai Gilashi ledar. Wata ta ce in ba ta katin ta riƙa kankare ƙanzo. Na zauna a bakin gado ina murmushi, don ba ni da wani abin yi.

Akwai dokar da ba a rubuta ba: a ƙasar mutane ba ki tambayar 'yar uwarki kuɗin sari. Abin da ke lalitarta rabi na wasu ne, kuma kowa ta riga ta yi alkawari a shaguna. Hajiya Yalwa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tuna min maganar zamani ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ta bari aka watse, ta ce, "Lalitata ta zama fanko tun azahar, sai na otal da na kago masu aiko mana da kaya. Naki kayan ki manta da su bana. Na matan coci fa?"

Na ce ban sani ba.

Hannuna kawai take kallo.

Warwaro ne guda biyu na zinariya, da zobe, da 'yan kunne. A Dubai ɗin na saye su ɗaya bayan ɗaya, a tafiye-tafiyen da suka yi albarka. Ranar Asabar da safe ta raka ni kasuwar zinariya. Mun shiga shaguna da dama, don mai saye ba ya biyan kuɗin ƙira, nauyi kawai yake sani, kuma kowa da inda sikelinsa ya karkata. Warwaron hannun dama ya ƙi fita, na yi ƙiba tun da na sa shi. Sai da aka kawo sabulu. Ga ni tsaye a shagon mutane, hannu duk kumfa, Hajiya Yalwa tana ja, Balarabe yana riƙe da tire. Da aka auna ba su kai ba. Na cire zobe. Ba su kai ba. Na cire 'yan kunne. Hajiya Yalwa ta leƙa bakina ta ce, "Haƙorin Makka dai ki bar shi, ba mu zo da filaya ba."

Ya isa leshin da ɗankwalayen, da ɗan canjin da na sayo wa yara alawa. Mai Gilashi bai mayar da yankan cikin kanta ba, ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Da na miƙa masa takardun kuɗi sai ya ce, "Wannan ba riga, yana shiga."

Kuɗin otal da abinci kuwa, da ƙarfina na biya. Na koma inda na fara. Ni da nake da shagon kaina, na wuni ina bin Hajiya Yalwa da jaka a ka, na kai dare a ofishin kago ina ɗaure mata kwalaye. Da na gama na farko ta zo ta sa masa ƙafa. Bai buɗe ba. Ta ce, "To, ba duka kika manta ba."

Wannan ita ce muguwar shekarata, ta fi ta gobara, don gobara ba ni na kunna ta ba. Sallah ta zo shagona ba komai sai ragowar bara. Telolin da suka saba jira na suka koma wasu shaguna, wasunsu har yau ba su dawo ba. Kuɗin jirgi ya tafi a banza. Da na je banki, matar da na miƙa wa katin ta riƙe shi ta gefe, ta ce in ɗan jira, ta shiga ɗaya ɗakin. Ba su yi dariya a gabana ba, suna da tarbiyya. Amma bangon na falanki ne.

Yanzu ma ina tafiya da kati, ban ce ku guje shi ba. Sai dai ina gwada shi a gida, ina gaya wa banki zan fita, ina da lambar mutum mai suna a reshen, ba lambar kiɗa ba. Saƙon mutane kuma a lalita yake tafiya, a kan tabon.

Washegarin dawowata na ɗora jakar leshin a kan acaɓa na kai wa Maman Nanret. Na zura tsinken tsintsiya a hujin kunnuwana don kada su toshe, na ja mayafi na rufe. Na tarar da mata cike da shagonta ana jiran awo. Wata dattijuwa mai tabarau tana zaune a kujera ɗaya tilo, jaka a cinya. Ba sai an gaya min ita ce Mama Ma'aji ba. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

Maman Nanret ta zuge jakar, ta ɗauki bandir ɗaya da ƙyallenta ta fita waje. Matan suka bi ta. Ta ɗora ƙyallen a kan leshin a rana, ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙa wa Mama Ma'aji ta ce, "Nemo min ƙyallen a ciki." Dattijuwar ta gyara tabarau, ta shafa, ta shafa, kafin yatsanta ya ji bakinsa.

Ina sunkuye ina fito da ɗankwalaye mayafina ya zame. Maman Nanret ta dubi kunnena, ta dubi wuyan hannuna. Ta san warwaron nan, ita ta fara yaba su.

Ta ce, "Maman Hadiza, ina 'yan kunnenka?"

Na ce, "Sun tsaya Dubai. Garin ya yi musu."

Matan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta sake duban tulin leshin, ta gyara min mayafin da hannunta ta rufe kunnen. Sannan ta juya.

"Mama Ma'aji, wannan kalan da muka zaɓa na Ista, yana cikin jakanka?"

Dattijuwar ta buɗe jakar, ta fito da wani ɗan ƙyalle ruwan ƙwai. Ba ta ba Maman Nanret ba. Ta taso daga kujerar, ta kama bakin mayafina, ta ƙulle shi a ciki da kanta.